Gilashin mota mai aiki da lantarki: abin da ke ɓata shi da yadda ake gyara

Darasin yau na direbobi ne da yaran mota, tun ba masu bin hanyar Mayahi zuwa Cadawa, ko Tasawa zuwa Maradi ba.

Tsohuwar Peugeot 404, da hannu ake murɗa gilashinta. Motocin yanzu kuwa maɓalli ake dannawa. A cikin ƙofa akwai ɗan ƙaramin inji mai shan wutar batir, bolt 12. Shi ke juya wata igiyar ƙarfe. Igiyar na bi ta kan ƴan ƙafafun roba, tana ɗaga gilashi ko ta sauke shi. Wasu motoci ba su da igiya, sai ƙarfe biyu gicciye kamar almakashi.

Babban abokin gabar wannan inji a ƙasarmu, rairayi ne. Ƙurar hunturu da yashin Gulbin Kaba suna shiga kwararon robar da gilashi ke bi. Rana kuma ta busar da robar, ta yi tauri. Sai gilashi ya yi nauyi, inji ya riƙa ja da ƙyar. Yau da gobe, igiya ta zare ko roba ta karye, gilashi ya faɗa cikin ƙofa. In haka ta faru a kan hanya, fasinja ya sha ƙura, kaya kuma ba su da tsaro da dare.

Kafin ka kwance komai, yi amfani da kunnenka. In tagogi duka sun tsaya, duba fis. In na baya da na fasinja ne kawai, duba maɓallin kulle da ke wajen direba. Sau da yawa yaro ne ya taɓa shi. In taga ɗaya ce, ka danna ka ji shiru, laifin maɓalli ne, ko injin, ko wayar da ta katse a inda ƙofa ke lanƙwasa. In kuwa inji na kuka amma gilashi bai motsa ba, igiya ce ko robar da ke riƙe gilashin.

Wajen gyara, fara cire kan batir. Kwance fuskar ƙofa a hankali. Ɗaga gilashin da hannu, ka tokare shi da itace don kada ya sare maka yatsa. Wanke kwararon roba da ruwa da sabulu. Ƙarfen ciki a sa masa giris kaɗan. Amma kada ka zuba baƙin mai a kan roba, yana lalata ta, yana kuma tara yashi. Igiyar da ta tsinke, a ganina ƙulla ta ɓata lokaci ne. A canza ƙarfen gaba ɗaya, ko da na hannu ne daga garejin Maradi.

Iyaye kuma, wannan inji yana da ƙarfin matse wuyan yaro. Kada a bar yara a mota da makulli a jiki.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.