Hayaƙin Salansa da Rawar Inji: Yadda Ake Gane Ciwon Tsohon Babur

Likita ba ya buɗe cikin majiyyaci kafin ya san abin da ke damunsa. Yakan saurari numfashinsa, ya duba launin idonsa, ya auna bugun zuciyarsa, sa'an nan ya yanke hukunci. Haka ma ƙwararren bakanike yake yi wa tsohon babur. Hayaƙin da ke fita daga salansa, da irin ƙarar da inji ke yi idan babur na tsaye, wato abin da kanikawa ke kira silo, alamu ne da ke nuna abin da ke faruwa a cikin inji tun kafin a ɗauki sufana. Ɗalibin da ya fahimci darasin numfashi a ajin kimiyyar halittu ya riga ya samu rabin ilimin da ake bukata.

Inji ma yana numfashi

Jikin ɗan Adam yana ƙona sukari da taimakon iskar oksijin domin ya samu ƙarfi, ya fitar da kabon dayoksaid da ruwa. Inji kuwa fetur yake ƙonawa, kuma abubuwan nan biyu yake fitarwa idan ƙonuwar ta cika. Bambancin shi ne jiki yana yin aikinsa sannu a hankali cikin ƙwayoyin halitta, inji kuwa da fashewa yake yi a cikin silinda.

Domin fetur ya ƙone sarai, kowane giram ɗaya nasa yana bukatar kimanin giram 14.7 na iska. Ke nan lita guda ta fetur tana bukatar iskar da ta kai lita 9,000. Aikin kafireta shi ne haɗa waɗannan biyu daidai gwargwado. Idan fetur ya rinjayi iska, ko iska ta rinjayi fetur, ko kuwa wani abu dabam ya kutsa cikin silinda, sai hayaƙi ya sauya launi, ƙarar inji kuma ta rikice.

Tsofaffin babura iri biyu ne. Akwai masu inji mai bugu huɗu, wanda Bajamushen nan Nikolaus Otto ya ƙera a 1876: fistan ya zuƙi iska da fetur, ya matse su, fulogi ya kunna musu wuta, sa'an nan a tura hayaƙi waje. Honda CG125, wanda aka fara fitarwa a 1975, misali ne, kuma da yawa daga cikin baburan ƙasar Sin da ke yawo a titunan ƙasar Hausa sun kwaikwayi tsarin injinsa. Akwai kuma masu bugu biyu, irin su tsohuwar Vespa da Suzuki A100, waɗanda ke ƙona man shafawa tare da fetur. Wajibi ne a san irin injin kafin a fassara hayaƙinsa.

Farin hayaƙi

Lita guda ta fetur idan ta ƙone tana samar da kusan lita guda ta ruwa, a matsayin tururi. Da sanyin safiyar hunturu, tururin nan yakan koma ɗigo-ɗigo da zarar ya haɗu da iska mai sanyi, kamar dai yadda numfashin mutum ke bayyana a irin wannan lokaci. Wannan ba ciwo ba ne, kuma yakan gushe cikin 'yan mintoci. A mota, farin hayaƙin da ya ƙi ƙarewa yakan nuna ruwan lagireto na shiga silinda. Amma galibin tsofaffin babura iska ce ke sanyaya su, ba su da wannan ruwa. Don haka idan farin hayaƙi ya ɗore bayan inji ya yi zafi, a lura da kyau: sau da yawa za a ga ratsin shuɗi a cikinsa, a kuma ji ƙaurin mai.

Shuɗin hayaƙi

Shuɗi alama ce ta ƙonuwar man inji. A inji mai bugu huɗu, man nan bai kamata ya isa inda wuta ke kamawa ba. Hanyoyi biyu ya saba bi. Ta farko ta sama, ta bakin bawul, idan 'yar robar da ke tare shi ta bushe. Ta biyu ta ƙasa, ta gefen fistan, idan ringi ya cinye ko jikin silinda ya goge.

Lokacin fitar hayaƙin shi ke rarrabe su. Idan ya turnuƙe da an tayar da babur bayan ya kwana, sa'an nan ya ragu, ko ya fito lokacin da aka saki totur a gangare, to zargi ya fi ƙarfi a kan bawul. Idan kuwa yana ƙaruwa duk lokacin da aka murɗa totur ko aka ɗauki kaya, to ringi ne. Akwai gwajin da ke tabbatar da haka. A cire fulogi, a auna ƙarfin matsi da ma'auni, sa'an nan a zuba man inji cokalin shayi guda ta ramin fulogin, a sake aunawa. Idan matsi ya tashi, man ne ya toshe giɓin da ke gefen ringi na ɗan lokaci. Idan bai motsa ba, sai a koma ga bawul. Amma kafin duk wannan, a duba ko an cika wa inji mai fiye da kima, domin shi ma yana jawo shuɗin hayaƙi, kuma maganinsa ba ya cin ko sisi.

A inji mai bugu biyu kuwa, ɗan shuɗin hayaƙi ɗabi'arsa ce. Yawancin Vespa mai kashi 2 cikin 100 suke bukata, wato lita guda ta mai a lita 50 ta fetur. Wanda ya ninka wannan da sunan tattalin inji, ko ya zuba man da ba na irin wannan inji ba, zai tara dauɗa a fulogi da salansa, ya kuma cika unguwa da hayaƙi.

Baƙin hayaƙi

Baƙi kunkunniya ce, wato kabon da bai samu isasshen oksijin ba. Ma'ana fetur ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. A ƙasashen da ƙurar hunturu ke lulluɓewa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, abin da ya kamata a fara dubawa shi ne matatar iska. Idan ta toshe, inji yana zama tamkar mai mura da ke ƙoƙarin gudu. Sauran dalilan sun haɗa da cok da ya maƙale a rufe, da allurar da ke tsayar da fetur a kwanon kafireta idan ta daina rufewa. Mai irin wannan babur yakan ga tankinsa na ƙarewa da wuri.

Idan silo ya ƙi zama

Lafiyayyen CG125 yana juyawa kimanin sau 1,400 a minti guda idan yana tsaye. A wannan hali totur a rufe yake, fetur kuma ta wata 'yar ƙofa yake bi wadda faɗinta bai kai rabin milimita ba. Ƙwayar yashi ɗaya, ko tsatsar tanki, ko danƙon da fetur ke bari idan babur ya daɗe a ajiye, ya isa ya toshe ta. Fetur ɗin kwalba na bakin titi, idan ba a tace shi ba, yakan zo da datti ko ruwa. Babbar alamar toshewar ita ce babur ya tsaya da cok, amma ya mutu da an buɗe shi. A wanke ƙofar, a hura mata iska. Kada a zura mata waya, domin idan ta yi faɗi, baƙin hayaƙi ne zai biyo baya.

Idan kuwa ƙarar inji na hawa da sauka, ko ta ƙi sauka bayan an saki totur, a duba robar da ta haɗa kafireta da inji. Tsagewa kaɗan ta isa ta shigar da iskar da ba a auna ba. Bawul ɗin da ya matse fiye da kima shi ma yana hana silo zama, musamman idan inji ya yi zafi.

Fulogi shi ne babban shaida. Idan bakinsa ruwan ƙasa ne, ƙonuwa na tafiya daidai. Baƙi busasshe yana nufin fetur ya yi yawa, baƙi mai maiƙo yana nufin man inji na shiga, fari fat kuma yana nufin iska ta yi yawa, inji na yin zafin da zai iya lalata fistan. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗaga silo kawai domin babur ya daina mutuwa. Wannan kamar shan maganin ciwon kai ne alhali zazzaɓin cizon sauro na nan a jini.

Hayaƙin da ido ba ya gani

Mafi haɗarin abin da ke fita daga salansa ba shi da launi, ba shi da wari. Shi ne kabon monoksaid, wanda ke yawaita idan fetur ya rinjayi iska. Himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini, yana riƙe wannan iska da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Jini sai ya kasa kai oksijin ƙwaƙwalwa da zuciya. Alamun farko su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya, waɗanda ake iya ɗauka gajiya ce ko zazzaɓi. Idan abin ya yi tsanani, mutum yakan suma, har ya rasa ransa.

Saboda haka al'adar tayar da babur a cikin zaure ko ɗaki domin ya ɗumama da safe abin gudu ce ƙwarai, haka ma gyaran silo a shagon da ba shi da mashigar iska. Wanda ya ji jiri a irin wannan wuri, a fitar da shi sarari nan take, a kai shi asibiti.

Malaman kimiyya na iya nuna wa ɗalibai wannan darasi a filin makaranta, ba a cikin aji ba. A kara madubi mai sanyi kusa da bakin salansa na ɗan lokaci, za a ga raɓar ruwa. A kuma kara farar takarda a bayan babura biyu ko uku na tsawon lokaci iri ɗaya, kowa yana tsaye ta inda iska ke tasowa, a kwatanta tabon da kowanne ya bari. Daga nan ɗalibai su faɗi wanne ne ke ƙona mai, wanne ne ke ƙarancin iska, sa'an nan a cire fulogi a ga ko hasashensu ya yi daidai.