Om 4, 8 ko 16: Abin da Ake Faɗa da Abin da Yake Gaskiya

Duk wanda ya juya bayan amfilifaya mai bawul, irin Dynaco ST-70 da ta fito a Amurka a 1959 ko McIntosh MC275 ta 1961, zai ga jerin kafofin ɗaura waya da aka rubuta wa 4, 8 da 16. Maganganu sun yi yawa a kan waɗannan lambobi, har wasu na tsoron taɓa kayan da suka saya da guminsu.

Maganar da ta fi yawo ita ce wai in an rubuta om 8 a jikin sifika, to dole a ɗaura ta a kafar 8, in ba haka ba amfilifaya ta ƙone. Wannan ba haka yake ba. Lambar da ke jikin sifika, wato turjiyarta da ake aunawa da om, kintace ce kawai. Turjiyar da sifika ke yi wa wuta tana hawa tana sauka gwargwadon sautin da ke ratsa ta. Sifikar da aka rubuta wa 8 tana iya faɗuwa zuwa 4 a wani ɓangaren kiɗa, sannan ta haura 30 a wajen amo mai kauri. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta IEC ta ce kada turjiyar ta yi ƙasa da kashi 80 cikin ɗari na abin da aka rubuta, amma kamfanoni da yawa ba sa bin wannan. Saboda haka sau da yawa sifikar om 8 ta fi jin daɗin kafar 4.

Dalili yana cikin taransifomar da ke tsakanin bawul da sifika. Bawul na son nauyi na dubban om, sifika kuwa 'yan ƙalilan gare ta, sai taransifoma ta shiga tsakani kamar giyar mota. Kafar 16 tana amfani da dukkan naɗin wayar fita, kafar 4 rabinsa, kafar 8 kuma wajen kashi 70 cikin ɗari. A ST-70, in an daidaita komai, bawul EL34 suna ganin om 4,300. Ɗaura sifikar om 8 a kafar 4, sai su ga 8,600: ƙarfi ya ɗan ragu, amma amfilifaya ta fi riƙe sifikar, ganga ta fito a tsuke. Ɗaura ta om 4 a kafar 8, sai su ga 2,150: bawul su ƙara wahala, sauti ya fara dishewa da wuri in an ƙure. Kuskuren mataki ɗaya irin wannan, a sauraron cikin ɗaki, ba ya ƙona lafiyayyar amfilifaya. Tsallake mataki biyu, wato om 16 a kafar 4 a kuma ƙure murya, shi ne ban yarda a yi ba.

Akwai kuma masu cewa kafar 16 ta fi ƙarfi, don da sun koma can sai ƙara ta daɗu. Ƙarar ta daɗu da gaske, domin bolt ɗin kafar 16 ya ninka na kafar 4. Amma wat ɗin da amfilifaya za ta iya bayarwa bai ƙaru ba. Nan ne kunne ke yaudarar mutum, don abin da ya fi ƙara kullum yakan yi kamar ya fi daɗi. Mai son gwada kafa biyu ya daidaita ƙarar tukuna, ya sa waƙar da ya sani sarai, sannan ya yanke hukunci.

Wani kuma zai ɗora mita a kan sifikar om 8, ya ga 6, ya ce an sayar masa da jabu. Mita turjiyar wayar kawai take aunawa da wutar batir, kuma 6 ɗin daidai ne.

Gargaɗin da yake gaskiya tsantsa, wanda kuma aka fi yin sakaci da shi: kada a kunna kiɗa a amfilifaya mai bawul babu sifika a jikinta. Wutar da ta rasa wurin zuwa tana dawowa da bolt mai yawa, ta huda rufin naɗin taransifoma, kuma taransifomar ce mafi tsada a cikin na'urar. Don haka a kashe wuta kafin a sauya kafa. Amfilifaya mai taransista akasin haka take: rashin sifika bai dame ta ba, abin da ke kashe ta shi ne turjiya ta yi ƙasa ƙwarai. Sifiku biyu masu om 8 da aka haɗa a kafa ɗaya, ja da ja, baƙi da baƙi, sun zama om 4, kuma da wannan lissafin za a zaɓi kafa.

Masu kula da lasifikar masallaci sun san wasu kafofin daban, masu 70V da 100V. Waɗannan na dogon layi ne, inda kowace lasifika ke da tata ƙaramar taransifoma. Sifikar ɗaki in aka ɗaura ta a can kai tsaye, ana iya rasa ta tare da amfilifayar.