Ƙwayoyin da Ke Gadin Shinkafa

'Yan'uwa manoma, akwai wata cuta da kan faɗa wa shinkafa a fadama da wuraren noman rani, wadda muke kira ƙunar ganye. Takan fara daga bakin ganye, ya yi kamar an jiƙa shi, sa'an nan ya yi rawaya, ya bushe fari kamar tattaka. Inda ta yi tsanani tana iya cinye rabin amfanin gona. An fara lura da ita a Japan a 1884, a Afirka ta Yamma kuwa an tabbatar da ita a Mali a 1979.

Abin da ke kawo ta wata ƙwaya ce da ake kira bakteriya, wadda ido ba ya gani sai da madubin likita. Ga yadda za ku gane ta. Ku yanki ganyen da ya kamu, ku tsoma cikin ruwa mai tsabta a kwalba. In kun ga wani abu fari-fari yana tsatsowa daga yankan har ruwan ya gurɓace, ita ce. Maganin feshi da aka yi domin cututtukan fumfuna ba ya kashe ta, sai asarar kuɗi.

Amma ba kowace bakteriya ce abokiyar gaba ba. Ita ce ke mai da madara nono. Daddawar da muke sa wa miya ma, wata mai suna Bacillus subtilis ce ke nunar da kalwarta. To, masana sun gano wasu 'yan'uwan wannan, da wata mai suna Pseudomonas fluorescens, suna zama a saiwar shinkafa suna yi mata gadi. Aikinsu iri uku ne. Suna tare wuri da abinci, mugun iri ya rasa wurin zama. Suna fid da wani ruwa mai hana shi yaɗuwa. Suna kuma farkar da tsiron ya shirya kāre kansa tun cuta ba ta iso ba.

A jihar Tamil Nadu ta Indiya, jami'ar aikin gona ta wurin ta haɗa irin waɗannan ƙwayoyi cikin farar hoda. Akan cuɗa giram 10 da kilo 1 na iri kafin shuka, a tsoma saiwar dashe cikin ruwan hodar, daga baya a fesa wa ganye.

Sai dai mu lura, wannan rigakafi ne, ba ya ta da ganyen da ya riga ya mutu, yana rage cutar ne kawai. Kuma abu ne mai rai. Zafin rana yana kashe shi, daɗewa a kanti ma haka, balle a gauraya shi da maganin feshi mai jan ƙarfe. Kada kuma wani ya ce zai jiƙa daddawa ya fesa. Ba kowace irinsu ke wannan aiki ba, sai wadda aka zaɓa aka gwada.

Mai gadi kuwa ba ya amfani in an bar ƙofa buɗe. Ku nemi iri mai tsabta mai jure cutar. Kada ku cika takin yuriya, ku raba shi kashi-kashi. Ku daina datse kan dashe, domin ta rauni cutar ke shiga. Kada ruwan komin da ya kamu ya gangara cikin na maƙwabci. Bayan girbi ku kawar da tushiya da ciyawar bakin lambatu.

Shawararmu ga ƙungiyoyi ita ce, in an kawo muku irin wannan hoda, kada ku zuba kuɗin asusu gaba ɗaya. Ku duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinta, ku kira malamin gona. Ku ware komi biyu kusa da juna, iri ɗaya, taki ɗaya, ku sa wa ɗaya, ku bar ɗaya. Ranar girbi ku auna kowanne a gaban jama'a, sakatare ya rubuta. Abin da mudu ya nuna, shi za ku bi baɗi.