Tallan intanet da sunan Najeriya: Muhawarar da ta iso har Rimin Gado

Kafin shekarar 2001, lokacin da wayar salula ta GSM ta fara aiki a Najeriya, tallan da yaron Rimin Gado ya sani bai wuce na yarinya mai farantin gyaɗa ko ƙosai ba, sai na mai maganin gargajiya da ke ɗaura lasifika ranar kasuwa, sai kuma wanda ake ji a rediyo tsakanin shiri da shiri. Duk waɗannan masu tallan an san fuskarsu ko an san inda za a same su. In gyaɗa ta zama ruɓaɓɓiya, an san gidan da za a mayar da ita.

Yau talla ya koma cikin aljihu. Daga cikin garin Rimin Gado zuwa Gulu, Jili, Butu-Butu da Karofin Yashi, da wuya ka samu gidan da babu wayar da ke hawa intanet, ko da ta yaya ce ko ta kawu. Da zarar an kunna data, tallace-tallace za su fara kwararowa: na atamfa, na taki, na bashin gaggawa, na tallafin karatu a ƙasar waje, da na "zuba dubu 5 ka kwashi dubu 20". Wannan ne ya haifar da gardamar da ake yi a rumfar masu cajin waya, da wajen masu POS, har da ajujuwan makarantun sakandare. Wasu na ganin tallan intanet alheri ne, wasu na ganin tarko ne. Daga nan zancen kan gangara zuwa tambayar da ta fi zafi: wa ya ɓata sunan Najeriya a idon duniya?

Yadda talla yake gano ka

Ɗalibai da dama kan yi mamakin yadda Facebook, TikTok da YouTube ba sa karɓar kuɗin rajista, amma masu su na cikin manyan attajiran duniya. Amsar ita ce talla. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, yana samun sama da kashi 95 cikin 100 na kuɗin shigarsa daga masu biya a nuna hajarsu. Shi ma Google mafi yawan kuɗinsa daga nan yake fitowa.

Ga yadda abin yake. Duk bidiyon da ka tsaya ka kalla, da abin da ka nema, da garin da kake, da shekarun da ka rubuta lokacin buɗe shafi, manhajar tana adana su. Sai mai haja ya zo ya ce yana son a nuna tallansa ga matasan Jihar Kano masu sha'awar ƙwallon ƙafa. Cikin ƙiftawar ido kwamfutocin kamfanin za su yi gwanjo tsakanin masu talla, su duba wanda ya fi biya da wanda ake ganin tallansa zai fi jan hankalinka, sai su turo maka. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Abin da ake sayarwa a wannan kasuwa shi ne hankalinka da lokacinka.

Wannan tattara bayanai ya taɓa jawo rigima tsakanin gwamnati da kamfanonin. A watan Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta tarayya, FCCPC, ta ci Meta tarar Dala miliyan 220 bisa zargin sarrafa bayanan 'yan Najeriya ba da cikakken izininsu ba. Tun a 2023 kuma ƙasar ta samu dokar kare bayanan jama'a.

Masu cewa alheri ne

Hujjar wannan ɓangare tana da ƙarfi. A da, matar da ke ɗinkin hula ko haɗa turaren wuta a cikin gida sai ta jira dillaliya ko ta ɗora wa 'yarta talla, wanda sau da yawa shi ke hana yarinyar zuwa makaranta. Yanzu tana iya ɗaukar hoton kayanta ta saka a WhatsApp, mai saye ya turo kuɗi ta asusu, a ba direban mota saƙo ya kai Kano. Manomin da ya noma riɗi ko waken suya yana iya jin farashin kasuwar Dawanau kafin ɗan kasuwa ya zo masa da nasa farashin. 'Yan Kantin Kwari da yawa suna sayar da atamfa da shadda ga mutanen da ba su taɓa taka Kano ba.

Suna ƙarawa da cewa fasahar ta ɗaga harshenmu. Google ya saka Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook kuma ya fara aiki da Hausa a 2016. A ganinsu, wanda ya guji intanet saboda tsoron damfara kamar wanda ya ƙi zuwa kasuwa ne saboda tsoron 'yan sane.

Masu cewa tarko ne

Su ma waɗannan ba da ka suke magana ba. A watan Disambar 2016 shirin MMM, wanda ya yi alƙawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, ya rufe asusun mutane, dubbai suka tafka asara. A watan Afrilun 2025 aka sake maimaita irin haka da wani dandali mai suna CBEX. Salon duk ɗaya ne: ana biyan na farko da kuɗin na baya, ranar da sababbin shiga suka ragu sai a tattara a gudu. Kuma ta shafukan sada zumunta ake yaɗa su, sau da yawa ta bakin aboki ko ɗan uwa da shi ma bai san rami yake jan mutane ba.

Akwai kuma manhajojin bashin gaggawa. Mutum zai ci bashin 'yan dubbai, in ya makara wajen biya sai a aika wa duk lambobin da ke wayarsa saƙon cin mutunci, har da surukai da malamansa. Abin ya yi ƙamari har FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a 2022, sannan a 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobi da hotunan da ke cikin waya.

Sabon salon da ya fi ban tsoro shi ne amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen haɗa bidiyon bogi. Za ka ga fuskar wani fitaccen mutum kamar Alhaji Aliko Ɗangote, ka ji murya kamar tasa, yana kiran jama'a su zuba kuɗi a wani shiri, alhali bai san da zancen ba. A da mukan ce gani ya kori ji. Yanzu ganin ma sai an bincika.

Tallan da ya fusata Najeriya

Yadda talla ke taɓa mutuncin ƙasa ya fito fili a 2009. A shekarar ne kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fitar da tallan na'urar wasa ta PlayStation 3 a Amurka. A ciki, wani mutum ya yi ba'a cewa ba duk abin da aka karanta a intanet ake yarda da shi ba, don in da haka ne da tuni shi ya zama miloniyan Najeriya. Yana nuni ne da wasiƙun damfara da ake aika wa Turawa.

Ministar yaɗa labarai ta lokacin, marigayiya Farfesa Dora Akunyili, wadda a watan Maris na shekarar ta ƙaddamar da gangamin gyara sunan ƙasa, ta buƙaci kamfanin ya janye tallan ya kuma ba da haƙuri. Sony ya nemi afuwa ya sauya kalaman. Sai dai tun a lokacin ra'ayi ya rabu biyu. Wasu sun yaba wa ministar, wasu kuma suka ce fushi da madubi ba ya gyara fuska, a fara kama 'yan damfarar tukuna.

Lambar 419 da duniya ta san mu da ita ta samo asali ne daga sashe na 419 na kundin dokokin manyan laifuffuka, wanda ya yi magana kan karɓar dukiyar mutum ta hanyar yaudara. Domin yaƙi da irin wannan ne aka kafa hukumar EFCC a 2003 ƙarƙashin Malam Nuhu Ribaɗu, sannan a 2015 aka yi dokar laifuffukan intanet. Duk da haka wasu sun ci gaba da zubar mana da ƙima. Ramon Abbas, wanda aka fi sani da Hushpuppi, ya tara miliyoyin mabiya a Instagram yana nuna motoci da jiragen sama. An kama shi a Dubai a 2020, kuma a watan Nuwambar 2022 wata kotu a Amurka ta ɗaure shi shekara 11 da 'yan watanni. A watan Yulin 2024 Meta ya sanar da rufe shafukan Instagram kimanin dubu 63 daga Najeriya waɗanda ake amfani da su wajen tatsar kuɗin mutane ta hanyar barazanar tona asiri.

Shin mu kaɗai ne?

A'a. Wani nazari da masana daga Jami'ar Oxford ta Ingila da takwarorinsu na Ostireliya suka fitar a 2024, bayan jin ra'ayin ƙwararru kan ƙasashen da laifuffukan intanet suka fi fitowa, ya sa Rasha a gaba, sai Yukren, sai Sin, sai Amurka, sannan Najeriya ta biyar. A watan Disambar 2024 kuma EFCC ta kama mutum 792 a wani bene a Legas bisa zargin damfara ta intanet, cikinsu akwai 'yan Sin 148 da 'yan Filifin 40. Ke nan har baƙi ma suna fakewa da ƙasarmu su yi ɓarna.

Amma matsayi na biyar ba abin alfahari ba ne, kuma wake ɗaya ke ɓata gari. Wanda ke biyan farashin shi ne mai gaskiya: ɗalibin da ke neman gurbin karatu a waje ana yi masa tambayoyin ƙwaƙƙwafi, ɗan kasuwar da ke son sayar da zoɓo ko riɗi ga baƙo amma baƙon na ɗari-ɗari, da matashin da ya iya zane ko rubuta manhaja amma yana shan wahala kafin a yarda a biya shi. Alhali daga ƙasar nan ne wasu matasa biyu suka kafa Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet da kamfanin Stripe na Amurka ya saya a 2020 kan sama da Dala miliyan 200.

Darasi daga fatar Kano

Maganar suna ba sabuwa ba ce a wurinmu. Ɗaruruwan shekaru, fatun jajayen awaki da aka jeme a ƙasar Kano da Sakkwato suna ƙetare Sahara a bayan raƙuma har su isa Turai. A can ana rububinsu saboda kyansu, amma da sunan "fatar Maroko" ake sayar da su, domin ta hannun 'yan kasuwar Arewacin Afirka suka isa. Aikin namu ne, sunan na wasu. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya rubuta yadda tufafin da aka saƙa aka rina a Kano ke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Ba allon talla ne ya kai su can ba. Ingancin kaya ne da amanar fatake.

A wancan zamani mai jima ba shi da hanyar gaya wa Bature cewa shi ya yi aikin. Ku kuwa kuna da ita a hannunku. Hoton gonar gero mai kyau, bidiyon yadda ake saƙa tabarma ko ɗinka hula, ko bayani kan garinku a shafin Wikipedia na Hausa, duk suna cikin abin da baƙo zai gani in ya nemi sanin Najeriya.

Abin da ya rage gare ku

Kafin ku yarda da kowane talla, ku tambayi kanku abu uku: wa ya saka shi, me zai samu daga gare ni, kuma a ina zan same shi in abu ya lalace? Duk ribar da aka ce tana ninkawa cikin kwanaki ba tare da an ga sana'ar da ke kawo ta ba, ku guje ta, domin kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Tallafin karatu ko aikin da aka ce sai an tura kuɗi asusun wani mutum kafin a samu, ku nuna wa malami ko wani babba a gida tukuna.

Kada ku ba kowa lambar sirrin katin banki, ko lambar da banki ke turowa ta saƙo, ko BVN da NIN na iyayenku, ko da mai kiran ya ce daga banki yake. Kada kuma ku ara wa kowa asusu don a turo kuɗi a ba ku lada. In kuɗin na sata ne, mai asusun za a fara kamawa, wanda ya sa shi kuwa ya yi layar zana. Sannan duk saƙon da ba ku tabbatar da gaskiyarsa ba, kada ku tura wa wani.

Ga ƙungiyoyin muhawara na makarantu, ga maudu'in da za ku iya gwadawa a wannan zangon: "Tallan intanet ya fi amfanar mutumin karkara fiye da cutar da shi." Ku raba aji gida biyu, kowane ɓangare ya kawo hujjoji daga abin da ya gani a garinsa, sannan ku aiko mana da yadda ta kaya domin mu buga a wannan shafi.