Alamar Alkawari a Cikin Gida

Karatu: Farawa 17:9-14, Romawa 4:9-12

A dā idan yaro ya ɓata a kasuwa, tsagar fuskarsa ce take mai da shi gida. Da an dube shi sai a ce, ai wannan Bagobiri ne. Tun yana jariri wanzami ya yi masa ita, ba a nemi shawararsa ba.

Allah ma ya ba Ibrahim alama, wato kaciya. Ibrahim yana da shekara 99 aka yi masa, ɗansa Isma'ilu yana da 13, tare da dukan mazan gidan, har da bayin da aka saya da kuɗi. Ishaku kuwa yana kwana 8 aka yi masa. Ba Ibrahim kaɗai Allah ya kira ba, har da gidansa.

Amma ku lura da wanda ya riga wani. Tun a Farawa sura 15, kafin a haifi Isma'ilu, Ibrahim ya ba da gaskiya, Allah kuwa ya karɓe shi a kan mai adalci. Fiye da shekara 13 ke nan yana na Allah ba shi da alama a jiki. Shi ya sa manzo Bulus ya kira kaciya hatimi. Hatimin da dagaci ya buga a takardar gona bai sayi gonar ba, shaida ce cewa an riga an biya.

Haka baftisma take a gare mu (Kolosiyawa 2:11-12). Abin da ke damuna shi ne, a gidaje da yawa katin baftisma yana ƙasan akwati, ba a nemansa sai ranar aure ko ranar jana'iza. Mun sa wa yara suna Bitrus da Rifkatu, uwa tana da zanen zumuntar mata, amma yaran ba su taɓa jin mahaifinsu yana addu'a ba. Ban raina alamun nan ba, masu kyau ne. Sai dai Allah ya zaɓi Ibrahim domin ya koya wa 'ya'yansa tafarkin Ubangiji (Farawa 18:19).

Maigida, yau da dare bayan tuwo, ka ciro katin nan, ka tara yara, ka ba su labarin yadda ka karɓi Yesu, da ranar da ka shiga ruwa.