Kifin Da Ke Bayan Jika Biyu

Wanda ya taɓa riƙe takardar jika biyu ta sefa a kasuwar Maraɗi ko Damagaram, in ya juya bayanta zai ga hoton kifi mai ƙaton kai da faɗin baki. Ba a kama irinsa a Kwara ko Tafkin Chadi. Kifin teku ne, mutanen Senegal suna ce masa cof, kuma darajarsa ta kai 'yan matan Dakar in za su yabi saurayi kyakkyawa sai su ce ai wane cof ne. Kakarsa tana zuwa ne da sanyi, daidai lokacin da mu nan muke fama da kaushi da faso, masunci yana ɗari-ɗari da shiga ruwa da asuba.

Gaɓar tekun Senegal da Muritaniya ƙasar zafi ce, amma daga wajen Disamba zuwa Mayu wata iska mai naci takan taso daga arewa, ta bi gefen teku ta yi kudu. 'Yar'uwar iskar hunturunmu ce, sai dai ita ta kan ruwa take biyowa, shi ya sa ba ta da ƙura sosai. Saboda juyawar da duniya take yi, ruwan da iskar ta tura ba ya bin ta sak, yakan karkace dama ya nufi yamma, ya bar gaɓa. Wani masani ɗan Suwidin mai suna Ekman ne ya warware lissafin wannan karkacewa a 1905. Gurbin da ruwan sama ya bari sai na ƙasa ya taso ya cike shi, daga zurfin mita ɗari ko fiye. Ruwa ne mai sanyi ƙarara, ɗauke da duk abin da ya ruɓe ya kwanta a can ƙasa. Manomi zai gane abin nan da nan, don ba shi da maraba da juya ƙasa da garma taki ya hau sama. Da rana ta haske shi sai ƙananan tsirrai da ido ba ya gani su yi ta yaɗo har teku ta rikiɗe ta koma kore-kore. Ƙananan halittu su ci tsirran, ƙananan kifaye su ci su, manya kuma su biyo sawu. Ruwan da yake da ɗumin digiri 27 ko 28 a ƙarshen damina a Dakar, kafin Maris ya sauko wajen 20, wani lokaci ƙasa da haka. Mai wanka a teku yana tsaki, masunci yana hamdala.

Mafi burgewa a sun bakin gaɓa shi ne na Imragen, wasu 'yan tsiraru da ke zaune a arewacin gaɓar Muritaniya, inda Sahara ta zo ta tsoma ƙafa a teku. Yankin shi ne gandun Bank d'Argen, wanda aka keɓe a 1976, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 1989. Ƙauyukansu a cikin gandun ba su kai goma ba, kuma ruwan sha ya fi kifi wuya a wurinsu. Daga wajen Oktoba zuwa Janairu wani kifi da Larabawa ke kira buri yakan yi ƙaura zuwa kudu garke-garke, cikinsa cike da ƙwai, yana bin ruwa maras zurfi dab da tudu.

A tsohuwar al'adarsu ko jirgi ba a buƙata. Mutum ɗaya zai hau tudun rairayi ya zuba wa teku ido, yana neman inda launin ruwa ya sauya. Da ya ba da alama sai maza su faɗa ruwa, kowa da komarsa a saɓe kan sanda a kafaɗa, wasu su ɓulla ta nan wasu ta can har su yi wa garken zobe. Wanda ya taɓa ganin Sarkawa sun ruga ruwa da homa a Argungu zai iya kwatanta hargowar. Sai dai a nan akwai wani abokin aiki da babu a kogin Matan Fada na Argungu. Wani daga cikin Imragen yakan riƙa dukan ruwa da sanda, ƙarar tana kama da ta buri in ya yi tsalle ya faɗo. Dolfin, dabbar ruwan nan mai shayarwa, in tana kusa ta ji sai ta taho daga zurfi, kifin ya rasa ta tsira, gaba koma baya baki. Ko taimako dabbar take yi, ko cikinta take yi wa aiki, masana sun daɗe suna musu. Ni dai ban ga abin musu ba, tunda kowa ya tashi da rabonsa. Yanzu wannan su ya yi ƙaranci ƙwarai, yawancin Imragen sun koma jiragen katako masu filafilai da suka samo asali daga masuntan tsibiran Kanari, don an hana jirgi mai inji a cikin gandun.

In kifi ya hau tudu aikin ya koma hannun mata. A fede, a zare jakar ƙwan a hankali kada ta fashe, a sa gishiri, a danne, a shanya. Wannan ƙwai shi ne mai tsadar, har Turai yake kaiwa. Tsokar a busar da ita a iska kamar kilishi maras yaji, kawunan kuma a tafasa a kwashe mai.

Sun jirgi kuwa sai Kayar, garin da ke wajen kilomita 60 arewa da Dakar. Sirrinsa wani kwazazzabo ne a ƙarƙashin teku wanda bakinsa ya zo dab da gaɓa, ta yadda kwalekwale ba ya yin nisa sai ya tsinci kansa a kan ruwa mai zurfin gaske. Nan cof da danginsa suke yada zango in sun gangaro daga Muritaniya da sanyi. Mutanen Kayar 'yan fatsa ne. Zare, dalma, ƙugiya, da yankan ƙaramin kifi a matsayin koto, shi ke nan kayan aikin. Mutum ya saki zare har ya ji dalma ta taɓa dutse, ya ɗan ɗago, ya ɗora zaren a kan yatsa yana saurare. In cof ya kama dole a fizgo shi nan take, domin in aka ba shi sarari ya koma kogonsa ya buɗe kunnuwa ya tokare, sai dai zare ya tsinke.

Kaka takan jawo baƙi. Masuntan Get Ndar, unguwar masunta ta birnin San Luwi, suna sauka Kayar kowace shekara, su kuma da raga suke aiki, irin wadda ake kafawa ta kwana a ruwa. 'Yan gari suna kukan cewa ragar tana sarƙe musu zare, in kuma ta ɓace a ƙasa sai ta ci gaba da kashe kifi ba mai ɗauka. An yi rikici a kan haka a 1985, aka sake yi a 2005 har da asarar rai. Amma Kayar ɗin nan ce ta yi abin da ba kasafai masunci yake yarda da shi ba: bayan an karya darajar sefa a 1994, 'yan fatsa suka haɗa kai suka ƙayyade wa kowane kwalekwale akwati uku na kifin da ake fitarwa waje a rana, don kada dillalai su ci gaba da saye yadda suka ga dama.

Sanyin da ke kawo kifi shi ke kawo hatsari. A watannin nan ne manyan igiyoyin ruwa suke isowa daga guguwar arewacin Atlantika. A Oktoban 2003 hukuma ta yanka wata hanyar ruwa mai faɗin mita 4 a zirin rairayin da ya raba kogin Senegal da teku, don ceton San Luwi daga ambaliya. Teku ta yi ta cin bakin yankan har ya kai faɗin kilomitoci, kuma ɗaruruwan masunta sun halaka a wurin tsallaka shi.

Cof kansa ya ja baya, kuma halittarsa ta taimaka wa masifar. Yana fara rayuwa ne a mace, sai ya girma sosai sannan ya rikiɗe ya zama namiji. To kowa babba yake nema, ka ga mazan ake fara ƙararwa. Wanda aka samu mai kyau ƙanƙara ake sa shi a hau da shi jirgin sama, har ta kai yawancin lokaci jika biyun da ke ɗauke da hotonsa ba ta sayen kilo ɗaya nasa a Dakar. Uwargida mai dafa cebu jen, shinkafa da kifin da UNESCO ta karrama a 2021, sai ta koma wa yaboi, ɗan siririn kifi mai yawan ƙaya, dangin wanda masu kifin ƙanƙara a kasuwanninmu ke kira shawa.

Yaboi shi ne naman talaka. Matan garin Jowal na Senegal suna banda shi, a loda a manyan motoci zuwa Mali da Burkina Faso da Gini, ya shiga miyar mutanen da ba su taɓa ganin teku ba. Shi ma ya sami mai zawarci da ya fi su kuɗi: masana'antun garin kifi, waɗanda suka yi yawa a Nuwadibu ta Muritaniya suka kuma ɓulla a Senegal da Gambiya. Sai an niƙa kilo huɗu zuwa biyar na ɗanyen kifi kafin a sami kilo ɗaya na gari. Wani rahoto da ƙungiyar Greenpeace ta fitar a 2021 ya ce fiye da tan rabin miliyan ake kwasa daga ruwan yankin kowace shekara don wannan sana'a, a tura Turai da Asiya a ciyar da kifin gona da dabbobi. In kwalekwale ya iso bakin gaɓa da sanyin safiya, mai banda tana tsaye da kwandonta, wakilin masana'anta yana tsaye da motarsa, kuma shi yakan saye jirgin gaba ɗaya ba tare da ya tsaya tsince na jiya da na yau ba.