Shin Ko Kun San? Raƙuman Dawan da Suka Saba da Baƙi

Shin ko kun san duk wanda ya hau mota daga Gaya zuwa Yamai yana ratsa gidan raƙuman dawa? Bayan Dosso ne, a yankin Kure, kusan kilomita 60 kafin Yamai. Ku leƙa ta taga! Wannan jinsin na Afirka ta Yamma babu shi a dajin kowace ƙasa sai Nijar.

A 1996 guda 49 kacal suka rage. Garken shanun Bafulatani ɗaya ya fi su yawa! Zuwa 2017 kuwa sun haura 600.

Masu yawon buɗe ido na da hannu a ciki. A lokacin baƙi na zuwa kallo, suna biya, samarin ƙauyuka suka zama 'yan rakiya. Dabbar da ke cinye wa manomi wake ta koma mai kawo kuɗi gari.

To ga abin mamaki: babu shinge! Cikin gonaki suke yawo. Sun saba da mutane har mota kan tsaya dab da su, su kuwa suna ta fizgar ganyen gawo da harshe mai tsawon kusan rabin mita. Ni wannan sabon ne ke ba ni tsoro. Dabbar da ta daina gudun mota ba ta san kwalta ba, kuma motoci sun sha kaɗe su a hanyar Yamai.

Kun san harafin boko ya zama sunan daji? Ku bi Kogin Isa daga Gaya ku yi sama. Can kogin ya karkace har ya zana W. Nan ne gandun dajin W, wanda Nijar da Benin da Burkina Faso suka haɗa, an kafa shi a 1954. Akwai giwa, akwai zaki, akwai ɓauna, har da rabbi, ɗan uwan damisar nan mai gudun tsiya.

Rabbin nan fa ba ya son taro. A Masai Mara ta Kenya, binciken 2018 ya gano cewa uwa a inda motocin baƙi ba su da yawa kan raya 'ya'ya sama da 2. A inda suka yi cincirindo kuwa, sai uwa 5 kafin a samu ɗa 1 da ya girma. Kallo kawai fa, ba harbi ba!

A 2018 an ɗauki raƙuman Kure 8 a mota, tafiyar kusan kilomita 800, zuwa Gadabeji a jihar Maraɗi. Ku ƙiyasta dogon wuya a bayan babbar mota!

Sai ranar 9 ga Agustan 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 8 a Kure, har da shugaban 'yan rakiyar. Baƙi suka ɗauke ƙafa, kuɗin kallo ya ƙafe, raƙuman kuwa suna nan suna tsallaka kwalta.